Ramin da Ke Bayan Gareji

Hadari ya haɗo daga wajen Apapa,
ni kuwa ba sama nake kallo ba.
Ƙasa nake dubawa,
ƙarƙashin tireloli arba'in da bakwai
da suka kwana a filinmu na Ijora,
kowace na ɗigar abin da ta kwaso a hanya.

Ta Shekarau tana yoyon baƙin mai tun daga Mokwa.
Ta Alhaji Barau tankinta na gumin gas.
Ga ƙurar birki, ga garin taya,
ga ruwan batir da yaron makaniki ya sheƙar jiya
yana waige-waige.
Duk suna kwance lamo a kan siminti,
suna jiran motar da ba ta karɓar kuɗin lodi:
ruwan sama.

A garinmu, can Gumel,
in bakan gizo ya fito, tsofaffi kan ce ya shanye ruwa.
A nan Ikko, ƙasa yake kwanciya,
bisa fuskar kududdufi,
yana walƙiya kamar sabon leshi.
Ba ya shan ruwa. Ɓata shi yake.

Shekara uku ina sharar filin nan
ina cewa abin da ya bi kwata ya tafi ke nan.
Sai wata Lahadi na sayo kifi wurin Sewanu
a gindin gada.
Tabawa ta soya, ta barbaɗa yaji.
'Yata ta kai loma ɗaya, ta tofar,
ta ce, Baba, wannan warin rigarka yake.

Na koma da faɗa a bakina.
Sewanu bai tanka ba,
ya dai ɗago komarsa daga cikin kwalekwale
ya ɗora min a hannu.
Baƙa ƙirin, tana santsi.
Na san wannan santsin.
Da tsintsiyata na raka shi bakin kwalbati.

Wata biyar ina bin Oga Bamidele
kamar mai bin bashin gishiri,
kafin ya yarda a haƙa rami a bayan gareji,
shi ma sai da masu duba-gari suka ajiye masa takarda.
Rami ne mai ɗaki uku.
A na farko yashi da laka su zauna.
A na biyu mai ya taso ya yi iyo,
bango ya tare shi.
Ruwa ya sunkuya ta ƙasan bango ya shiga na uku,
kamar baƙo mai ladabi a ƙofar zaure.

Sauran aikin nawa ne.
Rabin ganga a ƙarƙashin kowane inji mai yoyo.
Garin katako daga Ebute Meta,
in watsa a kan tabo, in kwashe kafin yayyafi.
Raga a bakin lambatu don leda da tsumma.
Direbobi sun sa min suna Sarkin Kwata.
Ina amsawa.

To, ga shi ya sauko.
Zubin farko shi ne mugu,
shi ke wanke wa filin zunubinsa na mako guda.
Ina tsaye da tocila a baki, guga a hannu,
ina yaɗe baƙin mai kamar mai yaɗe man shanu a ƙwarya,
ina juyewa a duro.
Ruwa na dukan bayana,
takalmina ɗaya ya tafi.

Abin da ke fita daga ɗaki na uku
ba zan yi alwala da shi ba, kada in yi muku ƙarya.
Amma na haska shi sau biyu,
ban ga bakan gizo ba.

Garejin da ke bayan katangarmu ba shi da rami.
Ina jin nasu ruwan yana wucewa a guje,
ya riski nawa a kwalbati ɗaya,
su gangara tare wurin Sewanu.

Gobe zan ratsa, in gaida maigadinsu.
An ce mutumin Maigatari ne.
Zan tafi masa da kifi.